Yadda Aka Ƙidaya Mu a Zamanin Turawa

Jawabin wayar da kai da aka gabatar a garin Gombe

   

An umurce ni in yi muku bayani a kan ƙidayar jama'a. Na san da zarar an ambaci wannan kalma akwai dattijon da gabansa zai faɗi, ko da shi kansa ba zai iya gaya muku dalili ba. Akwai kuma saurayin da zai yi murmushi ya ce ai ƙidaya siyasa ce, kowa ya iya allonsa ya wanke. Dukansu biyu suna da inda suka samo nasu. Saboda haka nake so mu koma baya, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar nan, mu ga yadda suka ƙidaya kakanninmu, da abin da ya sa kakannin namu suka riƙa ɓuya.

Turawa sun zo da al'adar ƙidaya daga gida. Tun 1801 ake ƙidayar mutanen Ingila bayan kowace shekara goma, kuma suka so a riƙa yin haka a ƙasashen da suka mallaka. A Ikko aka fara, cikin 1866, aka sake a 1871, daga nan kuma bayan kowace shekara goma. Amma Ikko gari ɗaya ne a bakin teku. Nan Arewa sai da aka ci ƙasar da yaƙi tukuna. Sojan Turawa sun iso ƙasar Gombe a 1902, zamanin Sarki Umaru, sa'an nan a watan Yuli na 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. To, ku dubi wannan: shekara takwas kacal bayan Burmi, watau a 1911, aka ce a aika wa Landan yawan mutanen Arewa. Wa zai shiga gida gida ya ƙirga? Turawan mulki 'yan ƙalilan ne, hanyar mota babu, mutane kuma ba su gama jimamin yaƙi ba. Abin da aka yi shi ne kowane Razdan ya kintata mutanen lardinsa, aka tara a Zungeru, hedkwatar Arewa ta wancan lokaci. An ce rahoton ƙidayar Arewa duka a kan falle ɗaya na takarda aka aika da shi. Da aka haɗa da na Kudu aka ce mutanen ƙasar nan kimanin miliyan 16 ne.

Daga ina Razdan ya samo abin da ya kintata? Nan ne gindin maganar tamu ta yau. Daga littafin haraji ya samo shi.

Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa a kan sarakuna, ya kuma haɗe kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da ake karɓa a da suka zama haraji guda, ban da jangalin shanu. Kafin a yanka wa gari haraji dole a san baligai nawa ne a cikinsa. Mai unguwa shi ya san gidajen unguwarsa, sai ya kawo wa dagaci sunayen mazan da suka isa biya. Dagaci ya kai wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta. Daga nan takarda ta tafi ofishin En'e, Ma'aji ya san abin da zai shiga Baitulmali, Di'o ya duba, ya aika wa Razdan a Bauci, domin a lokacin Gombe yanki ce ta Lardin Bauci. Wani lokaci Bature yakan fita rangadi da kansa a kan doki, ya sauka a bariki, ya sa a tara masa magidanta, ya ƙirga gidaje da rumbuna da awaki, ya kimanta abin da gona ke bayarwa. Duk wanda ya ga wannan rangadi ya san abin da zai biyo baya. Ba asibiti ba ne, ba makaranta ba ce. Dogari ne zai zo da takarda.

Kakana, Allah ya ji ƙansa, ya sha ba mu labarin yadda suke yi a ƙauyensu. Da an ji malamin haraji ya kwana a garin da ke gaba, sai a kora samarin da gemu ya fara tsiro musu zuwa daji, a ce su tafi yankan ciyawa kada su dawo sai dare. Wanda bai samu fita ba a tura shi cikin rumbu. Shi kansa ya ce ya yi yini guda a kan damman gero, ƙaiƙayi ya kusa halaka shi, yana jin mahaifinsa a ƙofar gida yana rantsuwa cewa 'ya'yansa duk ƙanana ne. Muna yara dariya muke yi. Sai da na girma na gane cewa sulallan da za a ɗora wa gidan saboda shi, hatsin da za su ci da bazara za a sayar a biya su. Ban ga laifin mahaifin kakana ba, kuma ba na zaton akwai wanda zai gani a cikinku.

Makiyayi ma haka. Bafulatanin da ya san za a karɓi jangali a kan kowace saniya ba zai tsaya da garkensa a bakin hanya ba. Sai ya raba shanun, rabi su haye Gongola, rabi su shige tsaunuka, shi kuma ya tsaya da 'yan tsiraru. In shanu suka ɓuya, masu kiwonsu ma sun ɓuya ke nan, da matansu da 'ya'yansu.

Yanzu ku ga yadda ɓarnar take ninkuwa. Littafin haraji maza baligai ya fi kula da su. In ana son jimlar gari, sau da yawa sai a ɗauki yawan masu biya a ninka da wani adadi da aka zaci zai ɗauke mata da yara. A ce, alal misali, gari yana da baligai 100, aka ɓoye 20, aka rubuta 80. In an ninka da huɗu, maimakon mutum 400 sai a samu 320. Samari ashirin aka tura daji, amma mutum tamanin suka ɓace daga takarda. Ku auna wannan a kan ƙauyukan Akko da Yamaltu da Kwami da Dukku da Nafada, sa'an nan ku auna a kan Arewa baki ɗaya.

A 1914 aka haɗe Arewa da Kudu. A 1917 aka yi dokar ƙidaya, kuma a ƙarƙashinta aka yi ƙidayar 1921, wadda ita ce ta farko da aka yi nufin ta game Nijeriya duka. An kasa ta biyu. A 'yan garuruwan da Turawa da ma'aikatansu ke zaune an bi mutane an ƙirga. A sauran larduna kuwa, inda kusan kowa yake, littafin haraji aka sake buɗewa. Wani Bature mai suna Meek shi ya tsara rahoton Arewa, ya fitar da shi a 1925 cikin littafi mai juzu'i biyu wanda ya cika da bayanin ƙabilu da harsuna da al'adu. Ya ce mutanen Arewa sun kusa miliyan 10, Nijeriya duka kuwa aka ce miliyan 18 da dubu ɗari bakwai.

Abin lura a nan shi ne, sa'ad da ake wannan ƙidaya garin da muke zaune cikinsa yau jariri ne. Buba Yero ya kafa masarautar nan a zamanin jihadi, fadarta kuma tana Gombe Abba. Turawa suka ɗauke hedkwata suka kai Nafada a 1913, sa'an nan a 1919 suka dawo da ita nan Doma, inda ya fi kusa da ƙasar Tangale da Waja. Ashe ke nan a 1921 garin Gombe shekararsa biyu da zama fadar Sarki. Mutane suna ta tasowa, wani ya kafa bukka bana, iyalinsa sai baɗi. Mutumin da ya baro Nafada, sunansa na can a littafin Nafada, jikinsa na nan. Ko a ƙirga shi sau biyu, ko kuwa, abin da ya fi yawa, kada a ƙirga shi ko sau ɗaya. A kudancin yankin kuma, wajen Tula da Kaltungo da Billiri da Cham da Dadiya, jama'a da yawa a kan duwatsu suke zaune, suna da harsunansu dabam dabam, ba su kuwa daɗe da daina gwabzawa da sojan Turawa ba. Baƙon da ya hau dutse da tafinta yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, kun san irin amsar da zai samu.

Ƙidayar 1931 ita ce ta fi shan wahala, kuma dalilin farko daga nesa ya taso. A ƙasar Ibo ba a saba biyan haraji ba. Turawa suka ƙirga maza ba tare da sun bayyana musu manufarsu ba, a 1928 sai ga haraji. A watan Nuwamba na 1929, a wani gari da ake kira Oloko, wani basarake mai suna Okugo ya aiki mutum ya ƙirga mutane da dabbobi. Manzon ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa ya ce ta faɗi awakinta da mutanen gidanta. Mata suka ce ai an ƙirga maza an sa musu haraji, yanzu an zo kanmu. Kafin a ce kwabo dubban mata sun fito a lardunan Owerri da Kalaba, suna rushe kotunan gargajiya. Soja suka buɗe wuta, aka kashe mata fiye da 50. Wannan shi ake kira boren matan Aba. Bayan haka gwamnati ba ta yi gigin sake bin gidaje a Gabas ba.

Nan Arewa kuwa farar ɗango ce ta sauka a waɗannan shekaru, ta cinye amfanin gona, aka janye ma'aikata da yawa zuwa yaƙi da ita. Ga kuma karyewar ciniki da ta game duniya tun 1929, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sauƙi. Saboda haka ƙirga ta ainihi a Ikko aka yi ta, da 'yan garuruwa kaɗan, da ƙauyuka kimanin 200 a Arewa. Saura duk haraji aka duba. Aka ce Nijeriya ta kusa miliyan 20, Arewa miliyan 11 da ɗoriya. A 1941 ba a yi kome ba saboda yaƙin Hitila. Wani masanin ƙidaya mai suna Kuczynski ya bi waɗannan alƙaluma ɗaya bayan ɗaya a littafin da aka buga masa a 1948, ya nuna yadda yawancinsu kintace ne aka sa wa rigar lissafi.

Kada ku zaci mu kaɗai abin ya shafa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ke hannun Faransa, nasu ya fi tsanani, domin a can rubuta sunan mutum yana jawo haraji da aikin tilas da ɗaukar soja. Da yawa sun tsallako iyaka zuwa ƙasar Katsina da Daura da Kano don su tsira. Jamhuriyar Nijar ba ta yi cikakkiyar ƙidaya irin ta zamani ba sai 1977.

Ƙidayar da za a iya kira ƙidaya a zamanin Turawa ita ce ta 1952 zuwa 1953, lokacin Sarkin Gombe Abubakar, wanda ya hau gado a 1936. Ba rana ɗaya aka yi ta ba. An fara da Arewa a tsakiyar 1952, aka bi da Yamma, aka gama da Gabas a 1953. A wannan karo an ɗauki malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan makaranta manya, aka koya musu cika takarda, suka shiga unguwa unguwa. Ba a rubuta kowa da sunansa a layinsa kamar yadda ake yi yanzu ba. Gida ake ɗauka a dunƙule, a ce maza kaza, mata kaza. Shekaru kuma rukuni aka yi musu: na goye, sai daga 2 zuwa 6, daga 7 zuwa 14, daga 15 zuwa 49, sai 50 zuwa sama. An tambayi ƙabila da sana'a, an kuma tambayi wanda ya iya karatun boko da wanda ya iya na Arabiyya. Sakamako ya nuna mutum miliyan 30 da dubu ɗari huɗu, Arewa tana da miliyan 16 da dubu ɗari takwas.

Duk da haka masana sun yarda cewa an bar mutane da yawa a baya. Gwamnati ta yi shela cewa wannan ƙidaya ba ruwanta da haraji, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mai unguwar da ya raka malamin ƙidaya shi ne dai wanda ya raka malamin haraji bara. Ban da tsoron haraji akwai kuma al'adunmu. Malamin ƙidaya namiji ne, a zaure zai tsaya, abin da maigida ya faɗa shi zai rubuta, matan da ke cikin kulle bai gan su ba. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, balle a gaban baƙo, kuma kun san wannan kunya ta fi ƙarfi a wurin Fulani. Wasu na ganin faɗin yawan 'ya'ya yana jawo baki ko kambun ido. Jaririn da ba a yi sunansa ba, a wurin mutane da yawa bai shiga lissafi ba tukuna. Almajiri, iyayensa sun ce yana wurin malam, malam kuma ya ce ai ba ɗan gidan nan ba ne. A ƙasar Gombe akwai ƙarin wani dalili. A waɗannan shekaru ne manoma daga Kano da Barno da wasu wurare suke ta kwararowa kudancin masarautar, wajen Kumo da Pindiga da Deba, suna sare daji suna noman auduga. Sabuwar tunga tana iya tsirowa tsakanin damina da damina, ba ta cikin takardar kowa.

To, daga nan labari ya juya. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa sun tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, hujjarsu kuwa ita ce yawan jama'a. Da alƙaluman 1952 aka raba mazaɓu a zaɓen 1959, inda cikin kujeru 312 Arewa ta samu 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Sai kowa ya farga cewa yawan kai yanzu kujera yake kawowa, da kaso daga asusun tarayya. Mutanen da jiya suke tura samari cikin rumbu, yau 'yan siyasarsu na ce musu kowa ya fito, har wanda ke ci-rani a kira shi gida. Ƙidayar 1962 rigima ta kashe ta, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke ta, aka sake a Nuwamba 1963 aka samu miliyan 55 da dubu ɗari shida. Daga miliyan 30 zuwa 55 cikin shekara goma sha ɗaya, haihuwa kaɗai ba ta yin haka. Ragin da aka yi a 1952 da ƙarin da aka yi a 1963 su suka haɗu. Gwamnatin Jihar Gabas ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ba ta yi nasara ba. Ta 1973, zamanin Janar Gowon, ta ba da kusan miliyan 80, Janar Murtala ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 kuma miliyan 140, kuma a waɗannan biyun an cire tambayar ƙabila da addini don a rage gardama.

A ganina, da mai ɓoye ɗansa da mai ƙara sunan wanda babu shi, cuta ɗaya suke yi wa mai tsara aiki. In an rage yaran gari, ajin da za a gina ba zai ɗauke su ba, allurar rigakafin da za a aiko ba za ta ishe su ba. In an ƙara, za a kai kaya inda babu mai amfani da su, a hana wani garin da ke da bukata. Na farkon dai yana da uzurin tsoro da talauci. Na biyun ban san uzurinsa ba.

Ku dubi Gombe kanta. Jirgin ƙasa ya iso nan a 1963. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Gombe daga Bauci, garin nan ya zama hedkwata. A ƙidayar 2006 an samu mutum fiye da miliyan 2 da dubu ɗari uku a ƙananan hukumomi 11 na jihar, kuma jihar tana da kujeru 6 cikin 360 na Majalisar Wakilai. Bayan 2006 rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Barno da Yobe da Adamawa, da yawansu suka zauna nan, suka yi aure suka haihu. Wanda ya san Pantami da Bolari da Tumfure a 2006, ya je yau ya gani. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta. Duk wanda ke tsara ruwan famfo ko gadon asibiti da alƙaluman 2006, kintace yake yi, kamar dai Razdan na 1911, sai dai shi yana da kwamfuta.

Ga abin da ya bambanta ƙidayar yanzu da ta Turawa, kuma ina roƙon masu unguwa su isar wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Aikin yana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya kafa, ba ofishin tara kuɗin shiga ba ce, kuma doka ta hana ma'aikacinta bayyana abin da wani gida ya gaya masa. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa rahoton zai je gaban Shugaban Ƙasa da Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, in kuwa aka ƙi shi saboda kurakurai, mambobin hukumar sun rasa kujerunsu. Ga masu shakka ta fuskar addini, malamanmu na nan, sun fi ni sanin cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani aka rubuta sunayen jama'a don a san rabon kowa daga Baitulmali.

Ranar da mai ƙidaya ya yi sallama a ƙofarku, wanda yake cikin gidan shi za a ƙirga, kuma sai an gan shi. A fito da jaririn da aka haifa daren jiya, ko ba a raɗa masa suna ba. Ɗan fari, in uwa ba za ta iya kama sunansa ba, kishiya ko goggo ta faɗa. Gidan da ake kulle, maigida ya nemi a turo mace cikin ma'aikata. Almajiri a tsangayar da yake kwana za a rubuta shi, makiyayi a rugarsa. Wanda ke Ikko ko Fatakwal kuwa, can za a ƙirga shi, kada a sa shi a nan.

Saura magana ɗaya, ita kuma taimako nake nema. Tambayar da ta fi ba ma'aikata wuya ita ce ta shekaru, domin tsofaffinmu da yawa ba su da takardar haihuwa. Dabarar da ake yi ita ce a tsara jerin abubuwan da kowa ke tunawa, a tambayi mutum ko yana ina sa'ad da abu kaza ya faru: husufin rana na 1947, samun mulkin kai a 1960, zuwan jirgin ƙasa, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, rasuwar Sarki Abubakar a 1984. Waɗannan na gari duka ne. Kowace gunduma tana da nata, shekarar da kogi ya yi ambaliya, ko shekarar da aka naɗa hakimi wane, ko wadda kasuwa ta tashi daga tsohon wurinta. Dattawan da ke riƙe da irin waɗannan, don Allah kada su tafi in an tashi, akwai malamai biyu a bakin ƙofa da takarda za su rubuta. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, za a kawo masa lasifika.